Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Diflomasiyyar Kwashe Fararen Hula a Yaƙin Basasar Sudan na 2023

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki kwashe baƙi da aka yi daga Sudan a watannin Afrilu da Mayu na 2023 a matsayin abin nazari, musamman yadda Najeriya ta fitar da ɗalibanta daga Hartum. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ga ƙasar da ba ta da sansanin soja kusa da fagen fama, nasarar kwashe mutane ta rataya ne a kan abubuwan da ake tanada tun ana zaman lafiya: fahimtar juna da ƙasar da za a yada zango, kuɗi a hannu, da sanin su wa za a kwaso. An duba abin da yarjejeniyoyin Biyana da na Janiba suka tanada da abin da suka yi shiru a kansa, sannan an waiwayi Kwango, Laberiya, Ruwanda, Libiya da Afirka ta Tsakiya gwargwadon hasken da suke ba batun Sudan.

1.0 Gabatarwa



Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na watan azumi, mutanen Hartum suka wayi gari da ƙarar manyan bindigogi. Rikicin da ya daɗe yana ci ƙasa-ƙasa tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, ya fashe a tsakiyar babban birnin ƙasar. Tun a ranar farko filin jirgin saman Hartum ya zama fagen daga, aka lalata jiragen fasinja a inda suke ajiye. Ke nan ƙofar da kowa ya saba fita ta ita aka fara toshewa.

A cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai dubban ɗaliban Najeriya, yawancinsu daga Arewa, masu karatun likitanci, haɗa magunguna, shari'a da harshen Larabci a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran jami'o'in birnin. Rukunin farko na waɗanda gwamnati ta kwaso bai sauka Abuja ba sai daren 3 ga Mayu, kwana 18 da fara yaƙin, mako guda cur da barinsu Hartum. Wannan makon da ya salwanta tsakanin tashi daga Hartum da sauka Abuja shi ne ƙashin bayan wannan takarda. Mafi yawansa ya ƙare ne a bakin iyakar wata ƙasa da ke zaune lafiya, wadda muke da jakada a cikinta, nesa da inda harsashi ke tashi.

2.0 Abin da doka ta tanada

Duk wanda ya karanta Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci zai ga an yi wa jakada da ma'aikatansa gata. Sashe na 44 ya wajabta wa ƙasar da ta karɓi baƙuncinsu, ko da ana cikin yaƙi, ta sauƙaƙa musu fita da iyalansu cikin gaggawa, har ta ba su abin hawa idan buƙata ta kama. Sashe na 45 ya ce a kare ginin ofishin da takardunsa ko bayan an janye, kuma ƙasar da ta janye tana iya damƙa amanar ofishin da lamuran 'yan ƙasarta ga wata ƙasa ta uku. Sai dai gatan sashe na 44 bai haɗa da 'yan ƙasar da ake zaune a cikinta ba. Direban ofishin jakadanci da tafinta da maigadi, waɗanda galibi 'yan gari ne, ba sa ciki.

Ɗalibi da ɗan kasuwa da wanda ya je jinya kuwa, rabonsu a doka ƙalilan ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta lissafa taimaka wa 'yan ƙasa da ba su fasfo a cikin ayyukan ƙaramin ofishin jakadanci, amma dama ce da aka ba ƙasa, ba bashi ba ne da ɗan ƙasa zai biyo ta. Yarjejeniyar Janiba ta Huɗu ta 1949, a sashe na 35, ta ba baƙo haƙƙin barin ƙasar da ke yaƙi, to amma an rubuta shi ne domin yaƙin ƙasa da ƙasa. A yaƙin basasa abin da ya rage shi ne sashe na 3 da dukkan yarjejeniyoyin Janiba huɗu suka yi tarayya a kansa, da kuma Ƙarin Yarjejeniya ta Biyu ta 1977, wadda Sudan ta shiga a 2006. Waɗannan sun haramta kashe farar hula da yin garkuwa da shi da wulaƙanta shi. Ba su ce wa kowa ya buɗe masa hanya ya kawo mota ba.

Saboda haka kwashe fararen hula magana ce ta manufa, kowace ƙasa da yadda ta tsara tata. Amurka, alal misali, dokarta ta ce wanda aka kwaso ya sa hannu a takardar alƙawarin biyan kuɗin tafiya. Filifin, wadda miliyoyin 'ya'yanta ke ci-rani a waje, tun 1995 ta kafa asusun dawo da mutane cikin gaggawa da feso miliyan 100, kuma tana da matakan gargaɗi huɗu, na huɗun shi ne dawowa dole. A Najeriya madogararmu ita ce sashe na 14(2)(b) na tsarin mulkin 1999, inda aka ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Magana ce mai nauyi, amma tana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi. Iyayen da 'yarsu ke maƙale a Hartum ba su da abin riƙewa sai kiraye-kiraye a rediyo da waya.

3.0 Izini daga wa?

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 2(4), ya hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Don haka shigar da jirgin soja domin ɗauko mutane yana buƙatar yardar masu ƙasa. Afirka na da dalilin zargi a nan. Ranar 24 ga Nuwamban 1964 sojojin laima na Beljiyam suka dira Stanleyville, wato Kisangani ta yau a Kwango, a jiragen Amurka, domin ceto Turawan da 'yan tawayen Simba ke tsare da su. Gwamnatin Moise Tshombe ce ta ba da izini, amma ƙasashen Afirka da dama sun kai ƙara Kwamitin Sulhu, suna ganin an fake da guzuma ne an harbi karsana, tunda dirar ta taimaka wa gwamnati ƙwace birnin. Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Jaja Wachuku, ya saɓa musu, ya tsaya a kan cewa halattacciyar gwamnati na da ikon neman taimako. Har yau wannan muhawara ba ta mutu ba. Wanda kuma ya shiga ba sallama yana iya gamuwa da abin da Holan ta gamu da shi a Sirte ta Libiya a Fabrairun 2011, lokacin da dakarun Gaddafi suka kama jirginta mai saukar ungulu da ma'aikatansa uku, suka riƙe su kusan mako biyu.

A Sudan matsalar ta ninku, domin masu gida biyu ne. Filin jirgin soja na Wadi Sayyidna da ke arewa da Omdurman, inda Faransa, Jamus da Birtaniya suka yi ta ɗaukar mutane, yana hannun sojoji. Amma kafin mutum ya isa can daga yawancin unguwannin Hartum sai ya ratsa shingayen RSF. Dole a yi magana da duka biyun, kuma kowannensu na son ya mayar da maganar jarin siyasa. Burhan ya fito ya sanar cewa zai sauƙaƙa fitar baƙi. RSF ta yi shelar cewa da haɗin kanta aka fitar da ma'aikatan jakadancin Amurka, sai jami'an Amurka suka ce iyakar haɗin kan shi ne ba a harbe su ba. Alƙawarin janar a waya kuma bai cika isa kunnen yaron da ke riƙe da bindiga a shinge ba. An harbi ayarin motocin jakadancin Amurka ranar 17 ga Afrilu, an kashe wani jami'in ofishin jakadancin Masar ranar 24, an harbi jirgin Turkiyya yana shirin sauka Wadi Sayyidna ranar 28, alhali ana cikin tsagaita wutar da Amurka da Saudiyya suka shiga tsakani aka ƙulla tun daren 24 ga watan.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana ɗacin wani ɓangare na wannan. A Laberiya a 1990, da dakarun ECOWAS, wato ECOMOG, suka sauka Monrobiya cikin watan Agusta, 'yan tawayen Charles Taylor suka ɗauki 'yan ƙasashen da suka ba da sojoji, ciki har da Najeriya, a matsayin abokan gaba. An tsare 'yan Najeriya da yawa, an kashe wasu, ciki har da 'yan jarida biyu, Krees Imodibe da Tayo Awotusin. Muddin mutanenka na hannun wani, duk kalmar da ta fito daga bakin gwamnatinka tana iya zama wuƙa a wuyansu. A nan dole a yaba wa Najeriya a 2023: ta kame bakinta, ba ta nuna ɓangare ba, kuma ba a ji an rasa ran ko ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga motocin gwamnati ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

4.0 Hanyar Argin

Masu hali sun fita da wuri. Saudiyya ce ta fara, ranar 22 ga Afrilu, ta jiragen ruwa daga Fot Sudan zuwa Jidda. A daren ranar Amurka ta aiko da jirage masu saukar ungulu uku daga sansaninta na Jibuti, suka sha mai a Habasha, suka ɗauke mutum ƙasa da 100 daga ofishin jakadancinta. Faransa ma daga Jibuti ta yi aikinta, Jamus daga Jodan, Birtaniya daga Saifurus. Sin ta turo jiragen ruwan yaƙinta da ke sintiri a mashigin Adan. Indiya ta kafa zango a Jidda ta kwashe kusan mutum 4,000. Kusan kowace a cikinsu tana da wurin sa ƙafa a kusa tun kafin a yi harbin farko.

Najeriya ba ta da sansani a Jibuti, ba ta da jirgin ruwa a Bahar Maliya. Abin da ya rage mata shi ne hanyar ƙasa, kuma ta zaɓi arewa, zuwa Masar. Ministan harkokin waje Geoffrey Onyeama ya sanar cewa an ware dala miliyan 1.2 domin hayar manyan motoci 40, wato dala 30,000 kowace mota, don kwashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai 5,500. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan kuɗi. A ganina tsadar ba ita ce abin mamaki ba, domin a garin da man fetur ya yi wuya, kowace ƙasa na neman mota, direba kuma na sa ransa a tafin hannu, mai mota ne ke yanka farashi. Abin dubawa shi ne yadda kuɗin zai isa hannun masu motocin. Bankunan Hartum a rufe suke, intanet na zuwa tana ɗaukewa, masu mota kuma tsaba suke so. Motocin farko sun tashi ranar 26 ga Afrilu. Washegari hotuna suka cika wayoyin jama'a: direbobi sun tsaya cik a tsakiyar hamada, sun ce ba su gaba sai an cika musu kuɗinsu, ga 'yan mata ɗalibai a rana suna roƙon a kawo musu ɗauki. Sauran da aka bari a harabar jami'a suka kwana suna jiran motocin da ba su zo ba.

Da aka warware wannan, sama da mutum 600 suka isa iyakar Argin, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Hartum. Nan ne aka yi zaman da ya fi tsawo. Argin fili ne a hamada, an gina shi domin manyan motocin kaya da 'yan fasinjoji, sai ga dubban mutane daga ƙasashe daban-daban sun yi masa tsinke, ba isasshen ruwa, ba bayan gida, ba inuwa. Masar ta ƙi buɗe wa ayarin Najeriya ƙofa. Sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi magana da Shugaba Abdel Fattah al-Sisi, a farkon Mayu, sannan aka yarda, bisa sharuɗɗa.

Ina roƙon mai karatu ya dubi waɗannan sharuɗɗa da kyau, domin a cikinsu darasin yake. Masar ta nemi a ba ta jadawalin jiragen da za su ɗauki mutanen da yawan kujerunsu, da jerin sunaye da lambobin fasfo, da takardun tafiya masu aiki, da tabbacin cewa daga iyaka sai filin jirgin Aswan ba tsayawa, da motocin da za su yi wannan jigila, da jami'an Najeriya da za su tsaya a wurin. Tsoron Masar a fili yake: kada a shigo a baje a cikin ƙasarta. Duk ƙasar da ke maƙwabtaka da yaƙi haka take tunani, mu ma da mu ne haka za mu yi. Babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da ke buƙatar a jira yaƙi kafin a tattauna shi. Takarda ce mai shafi biyu da jakadanmu a Alƙahira zai iya cim ma da ma'aikatar harkokin wajen Masar a ranar da ba kowa a iyaka, a ajiye ta a aljihun tebur. Alamun hadari kuwa sun daɗe da haɗuwa: tun juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 Sudan ke tangal-tangal, an ɗage sa hannu kan yarjejeniyar miƙa mulki har sau biyu a farkon Afrilun 2023 saboda saɓani kan shigar da RSF cikin soja, kuma kwana biyu kafin yaƙin sojoji suka fito fili suka yi gargaɗi kan yadda RSF ke jibge dakaru a Marawi da Hartum.

Kakanninmu fatake, masu zuwa Gwanja sayen goro, sun san wannan ilimi. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san zangon da za a kwana, ya san sarkin da za a ratsa ƙasarsa da abin da za a biya na fito, kuma jagaba na gaba yana duba hanya. Ayarin Argin ya tashi ne kafin a gama magana da mai zango. Ban ce a bar ɗalibai cikin ruwan harsashi ana jiran takarda ba. Fitar da su daga Hartum a lokacin tsagaita wuta daidai ne. Kuskuren ya riga ya faru tun watanni kafin nan.

Daga baya aka karkata akalar sauran motocin zuwa Fot Sudan, mai nisan sama da kilomita 800 daga Hartum, inda ba a buƙatar izinin wata ƙasa ta uku, jirgi ya ɗauko mutane kai tsaye. Rukunin farko, mutum 376, ya iso daga Aswan a jirgin Air Peace da na sojan saman Najeriya samfurin C-130. Zuwa tsakiyar Mayu hukumomi suka ce an dawo da mutum 2,518, kuma yawancin sawun jiragen daga Fot Sudan suka taso. Hanyar da aka ɗauka ta biyu ita ta fi ɗaukar kaya. Tazarar da ke tsakanin 5,500 da 2,518 ma abin lura ce. Wasu sun fita da kuɗin iyayensu, wasu sun zaɓi zama, amma gaskiyar magana ita ce adadin farko ƙiyasi ne, kuma da ƙiyasi aka yi cinikin motoci. Ƙungiyoyin ɗalibai ne suka riƙa tattara sunaye a waya, aikin da ya kamata a ce yana cikin kundin ofishin jakadanci tun ranar da kowane ɗalibi ya sauka ƙasar.

Wani abu kuma da Sudan ta nuna shi ne kwashe mutane na sayo wa ƙasa daraja. Saudiyya ta ɗauko fiye da mutum 8,000 'yan ƙasashe sama da 100, har da Iraniyawa, makonni kaɗan bayan sulhun da ƙasashen biyu suka yi a Beijin a watan Maris. Ba a yi nisa ba Jidda ta zama wurin da sojojin Sudan da RSF suka sa hannu kan sanarwar kare fararen hula ranar 11 ga Mayu.

5.0 Wa ke da kujera a mota?

Tambayar da ta fi ci mini rai ke nan. A bakin kowane jirgi akwai jami'i riƙe da takarda, kuma ma'auninsa fasfo ne. Birtaniya ta mayar da likitoci 'yan Sudan da ke aiki a asibitocinta, waɗanda suka zo gida hutun salla, saboda izinin zama gare su ba fasfo ba, sai da aka yi ca a kanta sannan ta janye. An sami iyalai da aka ce wa 'ya'ya su hau, uwa tsohuwa ta tsaya. Mafi muni shi ne abin da ya sami 'yan Sudan da suka miƙa fasfo ɗinsu suna neman biza kafin yaƙi. Ofisoshin jakadanci suka rufe suka tafi da makullai, ofishin Amurka kuma ya tabbatar da cewa ya lalata fasfo ɗin da ke hannunsa don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Mutum ya ba ka amanar takardar da ita kaɗai za ta ƙetarar da shi iyaka, ka tsira, ka bar shi ba ita. Ko wane dalili aka kawo, wannan cin amana ne, kuma ya isa a ce an yi ƙa'ida a kansa: kafin a rufe ofishi a mayar wa mutane takardunsu, ko a damƙa su ga ofishin wata ƙasa da ta tsaya, kamar yadda sashe na 45 na Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ya ba da dama.

Tarihi ya nuna inda wannan ma'auni ke kaiwa idan aka bi shi ido rufe. A Kigali ta Ruwanda, ranar 11 ga Afrilun 1994, ana cikin kisan kiyashi, sojojin Beljiyam da ke gadin wata makarantar koyon sana'a a Kicukiro suka tashi domin taimaka wa aikin kwashe Turawa. Mutum wajen 2,000 da suka fake a wurin, yawancinsu 'yan Tutsi, an kashe mafi yawansu a ranar. A Afirka ta Tsakiya kuwa, tsakanin ƙarshen 2013 da 2014, matsalar ta juyo da ɗaya fuskar. Chadi ta kwashe dubban Musulmi daga Bangi ta sama da ta ƙasa, Najeriya ma ta kwaso nata, cikinsu har da Hausawa 'yan kasuwa da aka haifa a can. An ceci rayuka, amma unguwanni sun zama kufai, abin da mayaƙan anti-balaka masu korar Musulmi ke so ke nan. Ma'aikatan agaji sun daɗe suna jayayya a kan ko fitar da mutane taimaka wa masu korar su ne. Ni dai ina ganin rai ne gaba, amma duk yarjejeniyar kwashewa ya kamata ta ƙunshi haƙƙin komawa da kare dukiyar da aka bari a rubuce.

A Sudan wannan tambaya ta taɓa mu ta wata fuska da ba ta taɓa Faransa ko Indiya ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi. Ga kuma alhazan ƙafa da suka yada zango a Gezira, Gadarif da Kasala suna noman auduga da dawa don neman guzuri, zango ya zama gida. Jikokinsu 'yan Sudan ne cikakku, kuma ba gata ba ne a gare su wata ƙasa ta riƙa kiran su nata, ganin yadda aka yi amfani da zancen baƙunta a kansu a rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022, inda aka kashe ɗaruruwa. Amma tsakaninsu da ɗalibi mai sabon fasfo akwai wani rukuni: wanda ya zo shekara 30 da suka wuce fasfonsa ya mutu, matar da ta auri ɗan Najeriya, yaran da aka haifa a can ba a yi musu rajista a ko'ina ba. Ofisoshin jakadancinmu na da takardar tafiya ta gaggawa. Abin da ake buƙata shi ne rubutacciyar ƙa'ida kan wanda ya cancance ta da irin shaidar da za a karɓa, don kada hukuncin ya zama na jami'i ɗaya da ya gaji, a tsaye a rana, mutum 500 na kiran sunansa.

Sai kuma 'yan gudun hijira sama da miliyan ɗaya da Sudan ke ɗauke da su kafin yaƙin, daga Sudan ta Kudu, Eritiriya, Habasha da Siriya. Da yawansu gudun gwamnatocinsu suka yi, ba jakadan da za su kira. Da baƙi suka gama fita, kyamarori suka bi su. A watan Yunin 2023 Masar ta wajabta biza a kan dukkan 'yan Sudan, har mata da yara da tsofaffi da a da ba a nema musu, a watan ne kuma mutanen Al-Junaina ta yammacin Sudan suka yi ta kwarara Adre ta Chadi a ƙafa, ana harbin su a hanya.

6.0 Abin da za a iya tanada

Ba na cikin masu cewa sai Najeriya ta sayi manyan jiragen soja ko ta kafa sansani a waje. Abin da ya fi gaggawa ya fi haka araha. Kowane ofishin jakadanci da ke ƙasa mai rauni ya kasance yana da rubutaccen shirin fita mai hanya biyu aƙalla, tare da fahimtar juna da kowace maƙwabciya kan sharuɗɗan ratse, ana sabunta shi duk shekara. A kafa asusu na dindindin da doka, irin na Filifin, wanda jakada zai iya taɓawa cikin sa'o'i ba sai an jira zaman majalisar zartarwa ba. Rajistar ɗalibai kuwa abu ne mai sauƙi, tunda da yawansu gwamnatocin jihohi ne ke ɗaukar nauyinsu: kada a saki kuɗin tallafi sai da shaidar rajista a ofishin jakadanci. A kuma fayyace wanda ke riƙe da akala. A 2023 ma'aikatar harkokin waje, ma'aikatar jinƙai, hukumar agajin gaggawa ta NEMA da hukumar 'yan Najeriya mazauna waje ta NiDCOM duk sun yi ta magana, iyaye kuma ba su san bakin da za su saurara ba.

Akwai abin koyi a Tarayyar Turai, inda ɗan wata ƙasa da ba ta da ofishi a wuri yake da haƙƙin neman taimakon ofishin kowace ƙasar tarayyar. Sashe na 8 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ya riga ya halatta wa ƙasa ta yi wa wata aikin ƙaramin jakadanci idan mai masauki bai ƙi ba. Mun ga buƙatar haka a Libiya a 2011, lokacin da aka riƙa farautar baƙaƙen fata da zargin sojan haya, dubban 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka biyo hamada ta Dirku da Agadas a motoci ɗaya. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa wuya a yi wannan a ƙarƙashin ƙungiyar. Amma Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, tana nan, kuma yarjejeniyar cewa motar da ɗayarmu ta yi haya za ta ɗauki ɗan ɗayar ba ta buƙatar a sasanta sauran saɓanin siyasa tukuna.

Daga ƙarshe, ɗaliban da suka kwana a Argin da jami'an da suka yi ciniki da masu motoci a Hartum suna nan da ransu. Ina kira ga sassan nazarin hulɗar ƙasashe na jami'o'inmu su zauna da su a naɗi bayanansu dalla-dalla: ranar da kuɗi ya iso da hanyar da ya biyo, wanda ya kira wa a Alƙahira, yawan shingayen da aka ratsa da abin da aka ce a kowanne. A sa wannan a manhajar horar da sababbin jami'an diflomasiyya, a kuma aika kwafi ga kowane jakadanmu da ke zaune a ƙasar da sojojinta suka fara kallon juna.